Katmandu zuwa Paro: awa ɗaya a jirgi, amma da wane fasfo?

Bakatsinen Doha:
Salamu alaikum 'yan gida, da fatan an wuni lafiya. Don Allah wanda ya san hanyar nan ya taimaka min da shawara. Akwai wani abokin aikina ɗan Nepal, shekara 6 muna shif ɗaya da shi a nan Doha, zai aurar da 'yarsa a Katmandu ƙarshen Nuwamba kuma ya kafe sai na zo ni da madam, har cewa ya yi in ban zo ba kar in ƙara cin abincinsa. To na ce tunda dai za a kashe kuɗin tikiti har can me zai hana mu leƙa Butan ko da kwana 4 ne, na duba taswira na ga kusa ne kuma an ce min jirgi awa ɗaya kacal yake yi daga Katmandu zuwa Paro, garin da babban filin jirgin Butan yake. Abin da nake son sani, wane jirgi ne ke zuwa, tun yaushe ya kamata in yanki tikiti, kuma da gaske ne ana hango Everest ta taga ko dai zuƙi ta malle ce irin ta masu tallan yawon buɗe ido?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga maganar taga, wane fasfo ne a hannunka yallaɓai?

Bakatsinen Doha:
Koren nan dai namu na gado, da wanne kake tsammani 😂

Ɗan Maraɗi:
To ai nan gizo ke saƙar. Nepal na ba kusan duk duniya biza a filin jirgi, ka sauka ka biya dala 30 a buga maka ta kwana 15 ko dala 50 ta wata ɗaya, amma akwai wasu ƙasashe 'yan kaɗan da suka ware suka ce su kam sai sun nemo daga ofishin jakadanci tun kafin su taso. Najeriya na ciki, Gana na ciki, Kamaru ma tana ciki. Nijar ba ta ciki, ban faɗa don in tsokane ku ba 😌

Uwar Biyu:
Ka faɗa mana don tsokana, mun san halinka.

Bakatsinen Doha:
Innalillahi. Wallahi abokin nan nawa ce min ya yi kowa a filin jirgi yake karɓa, in zo kawai.

Injiniya Gazipur:
Shi ba ƙarya ya yi maka ba, abin da ya saba gani ke nan, Turawa da 'yan Caina suna layi a bakin na'ura suna cike fom, bai taɓa tafiya da Bahaushe ba ne. Gaskiyar Ɗan Maraɗi ce. Ni na yi karatu a Bangladesh kuma na yi wannan tafiyar da kaina, sai da na karɓi bizar Nepal a Daka kafin na motsa. Kai ma ka yi sa'a akwai ofishin jakadancinsu a Doha saboda yawan mutanensu da ke aiki a Ƙatar, da a gida kake da ka gane kurenka don ba su da jakada a Abuja, a Afirka Alƙahira da Firitoriya na sani. Ka je da wuri, ka tafi da katin zamanka, takardar wurin aiki, da wasiƙar gayyata daga uban amarya in zai samu.

Kuma ka tabbata bizar mai shiga fiye da sau ɗaya ce. Wannan wajen mutane ke faɗawa rami. Ka shiga Nepal sau ɗaya don biki, ka fita zuwa Butan, dawowarka Katmandu shiga ta biyu ce, kuma kar ka ce ai yada zango kawai zan yi ba sai na fita ba, tikitinka na Doha daban na Paro daban, dole ka fito ka ɗauki jakarka ka sake aunawa, fitowar nan kuwa sai ka bi ta gaban jami'an shige da fice.

Bakatsinen Doha:
Allah ya saka da alheri Injiniya, wannan kam ban kawo shi a raina ba sam. To jiragen fa?

Injiniya Gazipur:
Kamfani biyu ne kawai ke wannan hanyar, duka na Butan, Drukair na gwamnati da kuma Bhutan Airlines mai zaman kansa. Kuma ba kamar Kano zuwa Abuja ba ne da in ka rasa na safe ka bi na yamma, jiragen ƙalilan ne, ka fara duba ranakun da suke tashi tukuna sannan ka gina sauran tafiyar a kai, kar ka yi akasin haka. Oktoba da Nuwamba kuma lokacin cikowar baƙi ne saboda damina ta wuce sama ta washe, kujeru kan ƙare da wuri. Amma ko ka yanki tikiti ba za su bar ka ka hau ba sai ka nuna takardar amincewar bizar Butan, ana nema ta intanet ko ta hannun ejan ko otal ɗin da za ka sauka, ka buga ta a takarda ka riƙe kar ka dogara da waya.

Baffa Mai Shayi:
Ni dai tambayata ɗaya, me aka ajiye a Butan ɗin? Dutse ne ba mu da shi? Ga Dala ga Goron Dutse ga Kufena, in sanyi kake so ga Jos ga Mambila. Yaro ka tara kuɗinka ka kai iyalinka Umara.

Bakatsinen Doha:
Baffa mun je da azumin bara alhamdulillah, daga nan ai kusa ne. Wannan zumunci ne ya kai mu.

Baffa Mai Shayi:
Zumuncin ai a Katmandu ya tsaya, na Butan ɗin son zuciya ne 😄 Allah ya kiyaye hanya dai.

Uwar Biyu:
Baffa bari in taya ka, ƙanina ka san kuɗin da suke karɓa kuwa? Ba biza nake nufi ba, biza dala 40 ce. Akwai wani haraji da kowane baƙo ke biya a kan kowane dare da ya kwana a ƙasar, dala 100 mutum ɗaya, kuma wannan ba kuɗin otal ba ne ba na abinci ba ne ba na mota ba, kuɗin shaƙar iskarsu ne kawai. Kai da amarya dare 4 ka ga dala 800 ke nan, ka ɗora 80 na biza, 880 ta tafi ba ku sha ko ruwan shayi ba. Ni da na lissafa shi da naira rufe wayar na yi na je na ɗora tukunya.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ai ma sauƙi aka samu. Da suka buɗe bayan korona a Satumban 2022 dala 200 suka sa, da suka ga baƙi sun ɗauke ƙafa ne suka rage zuwa 100 a 2023, kuma sun ce ragin zai tsaya har Agustan 2027. Yara 'yan 6 zuwa 12 rabi, ƙasa da haka kyauta. Indiyawa su kuma rupi 1,200 na kuɗinsu kawai suke biya.

Uwar Biyu:
Sauƙi a wajen wa? Fashi ne da rasit.

Malamin Jogirafi:
Hajiya ni ban ga fashi ba gaskiya. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, a matse tsakanin Indiya da Caina, ba su ma fara karɓar 'yan yawon buɗe ido ba sai 1974, talabijin sai 1999 ta shigo musu. Sun kalli yadda maƙwabta suka buɗe ƙofa kowa ya shigo da jakar goyo har shara ta taru a hanyar Everest suka ce su ba haka za su yi ba, gara baƙi kaɗan masu biya da yawa. A tsarin mulkinsu ma an rubuta dole kashi 60 na ƙasar ya zauna daji har abada. Mu da muka bari aka sare dazukanmu aka yi gawayi ba mu da bakin yi musu dariya. Wanda bai iya ba ya tsaya a Nepal, duwatsun ai ɗaya ne.

Kanawan Dabo 77:
Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. Ana ta kiransu ƙasar farin ciki, amma tunda daga Nepal mutumin zai tashi ya kamata ya sani cewa a farkon shekarun 1990 masu jin yaren Nepal da ke kudancin Butan sama da dubu 100 suka bar ƙasar, suka ƙare a sansanonin gudun hijira a gabashin Nepal shekara da shekaru kafin aka kwashe yawancinsu zuwa Amurka da wasu ƙasashe. Don haka Bakatsine in kana wajen biki kar ka cika baki da yabon Butan a gaban surukan mutane, ba ka san wa ke zaune kusa da kai ba.

Malamin Jogirafi:
Wannan haka yake, ban musa ba. Ni kan harajin kawai nake magana.

Admin:
Jama'a a dawo kan jirgi don Allah, bawan Allah tikiti yake son yanka.

Bakatsinen Doha:
Na gode admin 😂 amma dai na ƙaru. To in abin haka ne ba za a iya bi ta mota ba? Na ga kamar tazarar ba ta wuce kilomita 400 ba.

Malamin Jogirafi:
A sama ne take 400. Ƙara girman taswirar ka gani, Nepal da Butan ba su haɗa iyaka ba, Indiya ce ta ratsa tsakaninsu. In ta ƙasa ne sai ka kwana a bas daga Katmandu zuwa Kakarbita a bakin iyaka, ka shiga Indiya ka bi ta Siliguri zuwa Jaigon, sannan ka tsallaka Funsholin a cikin Butan, daga nan kuma a fara hawan dutse ana murɗe-murɗe na awanni kafin Timfu babban birninsu. Biza ta uku ke nan, ta Indiya, kuma kai ka san ba a wasa ake samunta da koren littafi ba. Kwana biyu na wahala da amai a leda don gudun awa ɗaya, haba.

Amaryar Zazzau:
Ni fa tsoron jirgin nake ji muku wallahi. Ba a Nepal ba ne jirgi ya faɗi a Pokara Janairun 2023 mutum 72 suka rasu? Kuma na ga bidiyon saukar Paro ɗin nan a TikTok, fiffiken jirgi kamar zai shafi rufin gidajen mutane, aka ce matuƙa 8 ne kawai a duniya suka iya sauka a wurin. Ni ko kyauta aka ba ni na yafe.

Injiniya Gazipur:
Hatsarin Pokara gaskiya ne Allah ya kyauta, jirgin cikin gida ne na Nepal, kuma Tarayyar Turai ta hana kamfanonin Nepal shiga sararinta tun 2013. Amma masu zuwa Paro ba na Nepal ba ne. Zancen matuƙa 8 kuma tsohon zance ne da ake ta juyawa, sun ƙaru, abin da ke gaskiya shi ne ba kowane matuƙi ake bari ba sai wanda ya yi horo na musamman a kan filin.

Bari in ba ku yadda na gani da idona. Filin yana cikin kwari ne a kan tsayin mita 2,200 da ɗoriya, duwatsun da ke kewaye wasu sun haura mita 5,000, titin jirgin kuma bai fi kilomita 2 da 'yan kai ba. Da ido ake sauka, shi ya sa ba a tashi ba a sauka da dare. Muna cikin tafiya lafiya lau sai matuƙi ya yi magana ya ce za ku ga duwatsu kusa fiye da yadda kuka saba kar kowa ya damu haka muke yi kullum, to daga nan fa jirgi ya zura kai cikin kwari, ya karkata hagu ya karkata dama, ni ina kallon bishiyoyi a SAMA da tagata ba a ƙasa ba, na ga wani gida a gefen dutse har barkonon da suka shanya a kan kwano ina gani jajir, wata tsohuwa 'yar Butan a kusa da ni ko a jikinta tana ta jan carbinta ni ma na kama nawa, ban ga titin ba sai da taya ta kusa taɓa ƙasa. Da muka tsaya sai da Turawan ciki suka yi tafi. Ban taɓa karanta Ayatul Kursiyyu da sauri irin na ranar ba, amma wallahi ko girgiza kirki ba mu yi ba.

Amaryar Zazzau:
Ka ƙara tsorata ni ne ai 😭

Bakatsinen Doha:
Kar madam ta ga wannan. To Everest ɗin fa Injiniya?

Kanawan Dabo 77:
Dama za ka zauna, haka na ji.

Malamin Jogirafi:
A'a hagu. Gabas za ku nufa, jerin Himalaya yana arewa da ku, wanda ya fuskanci gabas kuwa arewa na hagunsa, ko a sallah ka gwada a gida ka gani. A dawowa ne za ka nemi dama.

Kanawan Dabo 77:
To wanda ya gaya min daga Paro ya taso ke nan, na janye.

Injiniya Gazipur:
Hagu a tafiya, kujerar A, kuma ka roƙa kar a sa ka a kan fiffike in babban jirgin ne. Ka je filin da wuri ka faɗa wa na kan kanta da bakinka don duk wanda ke layin nan abin da yake so ke nan. Ba a daɗe da tashi ba za ka fara ganinsu a jere farare tas, matuƙi kan faɗi sunayensu. Abin da zai ba ka mamaki Everest ɗin ba shi ya fi kyau ba, wani baƙin tsini ne a bayan dutsen Lotse, mita 8,848 amma in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Wanda ya cika min ido Kancenjunga ne can gaba, shi ne na 3 a duniya, ya baje shi kaɗai kamar gari. Duk wannan in sama ta washe ne fa, masu zuwa a Yuli da Agusta gajimare kawai suke ɗauka a waya.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka haɗa dawowarka daga Paro da jirgin Doha a rana ɗaya. Ni na yi wannan gangancin, na bar awa 5 a tsakani ina ganin na yi dabara, ranar gari ya waye gajimare ya rufe kwarin ruf, muka zauna muna shan shayi muna kallon taga har azahar, da rana kuma iska kan taso a wurin shi ya sa yawancin tashi da safe ne. Sai washegari muka tashi. Ɗaya jirgin nawa ya tafi abinsa, kuma tunda tikitin daban ne babu wanda zan riƙe, sabo na saya da kuɗin da na ware na tsaraba da na cefanen wata guda. Katmandu ma titi ɗaya gare su kuma in sanyi ya shiga hazo kan riƙe jirage da safe. Ka bar kwana ɗaya cur, biyu ma in hutunka zai kai.

Ɗan Maraɗi:
Kuma ka kula da agogo, na Nepal wani iri ne. Suna gaban Doha da awa 2 da minti 45, Butan kuma tana gaban Nepal da minti 15. In ka ga tikiti ya ce tashi 9:00 sauka 10:15 ba awa ɗaya da kwata ba ne, awa ɗaya ce.

Uwar Biyu:
Minti 45 kuma? Su wa suka raba musu lokaci haka kamar naman layya 😂

Dakta Sakkwato:
Na shigo a makare. Ƙanina tambaya ɗaya da ba wanda ya yi, kai da iyalinka kun san gwajin jininku na sikila? Ba da wasa nake ba. Katmandu wajen mita 1,400 ne, kaɗan ya fi Jos, wannan ba komai. Paro da Timfu kuma 2,200 zuwa 2,300, kusan tsayin Chappal Waddi ke nan wanda ya fi kowane dutse a Najeriya, a nan za ku kwana ku tashi. Kuma na san ba za ku je Paro ku ƙi hawa wurin ibadar nan da ke manne a jikin dutse ba, Taktsang, shi ya haura mita 3,000 kuma da ƙafa ake hawa awa 2 zuwa 3. Mai SS bai kamata ya tunkari irin wannan ba sai da izinin likitansa. Mai AS yawanci lafiya lau, amma an san tsayi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki kan taɓa saifa a wasu, don haka in ciwo ya kama a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari ba a cewa bari in daure, a sauko a nemi asibiti. Ku sha ruwa sosai, kar ku hau ranar da kuka sauka, ku bar shi sai ranar ƙarshe. Katin rigakafin shawara ma a sa shi cikin fasfo, mai koren littafi ba ya rabuwa da shi.

Bakatsinen Doha:
Dakta Allah ya biya. Ni AA ne ita AS, za mu ga likita kafin nan in sha Allah.

Baffa Mai Shayi:
To me za ku ci a can? Kar a je a ba ku abin da ba a yanka ba.

Injiniya Gazipur:
Katmandu ba matsala Baffa, akwai Musulmi, akwai babban masallacin Juma'a da na Kashmiri kusa da hasumiyar agogo a tsakiyar gari, kewayen wurin duk gidajen abincin halal ne. Naman sa ne dai da wuya ka gani don doka ta hana yanka saniya, ɓauna suke ci. Butan ce sai a hankali, suna cin alade sosai kuma naman ma yawanci daga Indiya ake shigo da shi ba ka san hannun da ya yanka ba, ni ganye da ƙwai na bi. Abincinsu na kullum barkono ne da cuku, ema datshi, a ci da jar shinkafa. Ba barkono a cikin miya ba fa, barkonon SHI NE miyar. Na ɗauka mu ne gwanayen yaji sai da na yi hawaye a gaban yaran otal. Ka tafi da dardumarka da manhajar alƙibla, sallah a ɗaki, ku matafiya ne ga ƙasaru. Kuɗi kuma kar ka canji na Nepal da yawa don ba ya aiki a Butan, nasu ngultrum daidai yake da rupin Indiya, ka riƙe dala sababbi marasa lanƙwasa.

Uwar Biyu:
A sa kilishi da yajin ƙuli a jaka kawai a huta.

Ɗan Maraɗi:
Kilishin dai a yi hankali, ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da nama, kar kwastan su yi buɗa-baki da shi.

Bakatsinen Doha:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau na je ofishin jakadancin na miƙa takardu, na kuma jaddada musu sau biyu za mu shiga. Ban yanki na Paro ba tukuna sai fasfo ya fito, amma na riga na duba ranakun. Mun zauna da madam mun rage Butan zuwa dare 3 saboda lissafin Uwar Biyu ya hana ni barci, dare 1 a Timfu tunda tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga filin jirgi, 2 a Paro, sannan kwana 2 a Katmandu kafin jirgin Doha kamar yadda Injiniya ya ce. Hawan dutsen kuma sai abin da likita ya faɗa.

Matsalar da ta rage guda ɗaya ce, ta karanta hirar nan kaf a wayata har da labarin barkono a kan kwano, ba ta tsorata ba, cewa ta yi kujerar A tata ce a tafiya, ta dama ma tata ce a dawowa.

Baffa Mai Shayi:
Ka biya dala 680 ka zauna a tsakiya kana leƙe ta kafaɗa. Ni dai a taho min da ganyen shayi.